Sararin Ikko Dabam, Na Kontagora Dabam

Wannan shi ne jawabin da wani ma'aikacin wannan shafi ya yi wa taron 'yan asalin ƙasar Kontagora mazauna Ikko da kewaye, gabanin faɗuwar damina. Mun buga shi saboda 'yan'uwanmu na Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal waɗanda ba su sami halarta ba.



An umurce ni da in yi magana a kan hasashen yanayi irin wanda ake gani a wayar hannu, da taswirorin nan masu launi-launi da ake ce wa rada, watau inda za a sami na ƙwarai da yadda za a karanta su. Wani zai ce, ina ruwan mai sayar da albasa a Mil 12, ko mai raguna a Alaba Rago, da hadarin da ke haɗowa a Mariga? To, ruwansa kuwa da yawa. Mafi yawanmu da muke zaune a nan jikinmu ne kawai a Kurmi, amma gonarmu tana gida. Mu ne ke aika kuɗin iri da na taki da na maganin feshi, mu ake bugo wa waya a ce an yi ruwa jiya, a shuka ko a dakata? Mu ne kuma ke bin hanyar nan ta Ilori da Jebba da Mokwa, ko mu ɗora kayanmu a motar da za ta bi ta. Mutumin da ke yanke shawarar shuka daga nisan da ya wuce kilomita 500 yana bukatar ido, kuma sararin da ke bisa kansa ba zai zama masa idon ba.

Dalili kuwa shi ne, daminar Kudu da ta Arewa ba tafiyarsu ɗaya ba. Iska iri biyu ke ja-in-ja a kan ƙasar nan: mai laima da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma, da busasshiya da ke gangarowa daga Sahara, wadda ke kawo mana hunturu da hazo. Iyakar da ke tsakaninsu tana hawa arewa sannu a hankali tun daga farkon shekara, ruwa na biye da ita. Saboda haka a watan Maris ko Afrilu, sa'ad da ruwa ya riga ya kankama a Ikko, a Kontagora bazara ce ake fama da ita, sai wajen watan Mayu damina ke zama sosai, ta kai har Oktoba. A watan Agusta kuma abin ya juya: a nan yammacin Kurmi ruwa yakan ɗan ɗauke na 'yan makonni, alhali kuwa a gida lokacin marka ke nan, ana kwana ana wuni cikin ruwa. Duk wanda ya leƙa taga a Agege ya auna gonarsa ta Rijau da abin da ya gani, ya yi awo da mudun wani.

Kafin in ci gaba, akwai maganar da na san tana zuciyar wasu dattawa, gara a fito da ita fili. Hasashen yanayi ba duba ba ne, masu yinsa kuma ba su ce sun san gaibu ba. Ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi inda Ya so. Abin da suke yi bai bambanta da abin da kakanninmu ke yi ba sa'ad da suka ga shamuwa ta dawo, ko suka ji iskar bazara ta juya, suka ce a gyara gona. Lura ce da alamu. Bambancin kawai shi ne su alamunsu da na'ura ake auna su, a rubuta da lamba. Shi ya sa mai hasashe na gaskiya ba ya cewa lalle, sai dai ya ce mai yiwuwa.

WA YA FAƊA?

Tambayar farko da ta kamata mutum ya yi wa kowane labarin yanayi ita ce, daga bakin wa ya fito? A ƙasar nan hukumar da doka ta ɗora wa wannan aiki ita ce Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NiMet, an kuwa kafa ta da dokar 2003, tana ƙarƙashin ma'aikatar sufurin jiragen sama. Tana da tashoshin awo a wurare da dama, cikinsu har da Minna da Bida da Yelwan Yawuri, waɗanda su ne maƙwabtanmu. A farkon kowace shekara takan fitar da hasashen damina baki ɗaya, inda take nuna lokacin da ake sa ran ruwan shuka zai zauna a kowane yanki, da lokacin ɗaukewarsa, da tsawon damina, da yawan ruwan da ake tsammani, da wuraren da ake jin tsoron ruwa zai yi tsaiko bayan an shuka. Akan fassara taƙaitaccen bayaninsa da Hausa. Ban da wannan, takan ba da hasashen kwana uku-uku, wanda gidajen rediyo da jaridu ke ɗauka. Duka ana samunsu a shafinta na intanet kyauta.

Sha'anin koguna da ambaliya kuma na wata hukuma ce dabam, watau NIHSA, wadda ita ma kowace shekara take bayyana jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Mu mutanen Jihar Neja bai kamata mu yi wasa da wannan ba, domin madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru duk ruwansu ta ƙasarmu yake bi.

Sauran manhajojin da ke cikin waya, irin wadda ake saye waya da ita, ko su Windy da AccuWeather, ba ƙarya suke yi ba, amma ya kamata a san abin da suke. Babu wani ma'aikacinsu da ke zaune a Kontagora yana duban gabas. Mafi yawansu suna ɗauko lissafinsu ne daga manyan kwamfutoci na ƙasashen waje, musamman guda biyu: ta cibiyar ƙasashen Turai da ake kira ECMWF, da ta gwamnatin Amurka da ake kira GFS. Waɗannan kwamfutoci suna yanka duniya gida-gida kamar dara, su lissafa iska da zafi da laima a kowane gida. Gidan na Turai faɗinsa kamar kilomita 9 ne, na Amurka ya ɗara haka. To, kowa a nan ya taɓa ganin ruwa ya jiƙa gonar wani sharkaf, ta maƙwabcinsa ko ɗigo. Irin wannan hadari ya fi ƙarfin idon kwamfutar. Bugu da ƙari, tashoshin awo sun yi ƙaranci ƙwarai a Afirka in an gwada da Turai, lissafi kuwa ba ya fin abin da aka zuba masa kyau. Don haka in waya ta ce za a yi ruwa a Kontagora ranar Alhamis da ƙarfe uku, a ɗauki maganar a kan cewa akwai alamar ruwa a yankin wajen wannan rana. Ƙarfe ukun nan ado ne.

Ga wata dabara mai sauƙi ga masu Windy: tana barin mutum ya sauya daga lissafin Turai zuwa na Amurka. In duka biyun sun nuna ruwa mai yawa a rana ɗaya, kuma NiMet ta faɗi haka, to, magana ta yi ƙarfi. In sun saɓa, a san cewa abin bai tabbata ba. Hasashen yau da gobe da jibi shi ne abin riƙo. Daga kwana biyar zuwa bakwai ya fara rauni. Wanda ya wuce kwana goma kuwa, in ana maganar ruwan rana kaza a gari kaza, ni dai ba zan sayi taki a kansa ba.

Sai labaran da ake turowa ta WhatsApp da Facebook, na murya ko na hoto, ba suna ba kwanan wata. A kan waɗannan ba zan daɗe ba. Duk shekara sai an yaɗa cewa an buɗe madatsar Lagdo, kowa ya gudu. Lagdo tana ƙasar Kamaru ne, a kan kogin Binuwai, ruwanta ta Yola da Makurɗi yake bi, ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Abin tsoro ne ga mutanen can da na Anacha, amma ba ya hawa tudu ya zo Kontagora. Saƙon da bai faɗi hukumar da ta fitar da shi ba, bai faɗi rana ba, bai faɗi wuri ba, kada a tura shi gaba.

ABIN DA AKE KIRA RADA

Yanzu na zo kan taswirar nan mai motsi, wadda ita ce ta fi burge mutane, ita ce kuma aka fi yi wa mummunar fahimta. Rada ta ainihi na'ura ce da ake kafawa a ƙasa, tana juyawa tana harba igiyar rediyo cikin sararin sama. In igiyar ta ci karo da ɗigon ruwa sai ta dawo, na'urar ta auna nisan ruwan da ƙarfinsa. Tana ganin ruwan da ke zuba a wannan lokaci, ba na gobe ba. Amma ganinta yana da iyaka, kamar kilomita 200 zuwa 250, kuma saboda duniya a dunƙule take, in nisa ya yi yawa sai igiyar ta wuce ta saman hadarin. Daga Abuja zuwa Kontagora a miƙe kimanin kilomita 250 ne, kun ga ko da an ce na'urar tana Abuja, mu muna can bakin gaɓar ganinta. Irin waɗannan na'urori kuwa kaɗan ne a duk Afirka ta Yamma. Saboda haka mafi yawan abin da waya ke nuna muku a kan ƙasarmu da sunan rada, ko dai hoton tauraron ɗan Adam ne aka fassara, ko kuwa lissafin kwamfuta ne aka yi wa fenti. In mutum ya iya jan taswirar gaba har zuwa gobe ko jibi, to, ya tabbata lissafi yake kallo, domin babu na'urar da ke ɗaukar hoton gobe.

Wannan ba abin baƙin ciki ba ne, don hoton tauraron shi ne ya fi yi mana amfani. Akwai taurarin Meteosat na ƙungiyar Turai mai suna EUMETSAT, waɗanda ke tsaye a nisan kilomita 36,000 bisa tekun da ke kudu da Gana, Afirka duka tana gabansu kamar faifai. Suna aiko da sabon hoto kowane minti 10 zuwa 15, dare da rana. Abin da suke aunawa shi ne sanyin kan girgije. Girgijen da ya yi tsiri sama ƙwarai kansa yakan yi sanyi ƙwarai, shi ne kuwa hadarin da ke ɗauke da iska da tsawa da ruwa mai ƙarfi. A taswira akan nuna shi da fari fat, ko da ja ko shunayya, gwargwadon manhajar. Kada a yi zato, a duba ma'aunin launin da ke gefen taswirar, don ja a wata taswira zafin rana yake nufi, ba ruwa ba. Tauraron da aka harba a watan Disamba na 2022, shi har walƙiya yana iya gani.

To, ina za a duba? A nan ne ilmin iyayenmu da na masana suka haɗu. Kowane yaro a gida ya san hadari daga gabas yake tasowa. Haka abin yake a duk faɗin ƙasar Hausa: manyan hadura suna tafiya ne daga gabas zuwa yamma, sau da yawa cikin jeri ɗaya mai tsawo, da gudun da ya kai kamar kilomita 50 a awa. Da yawansu da la'asar suke haɗuwa a kan tuddai irin na Jos, su gangaro yamma cikin dare. Saboda haka wanda ke son sanin abin da zai sami Kontagora kada ya ƙura wa Kontagora ido. Ya dubi hannun dama na taswirar, wajen Tegina da Birnin Gwari da Kaduna. Kaduna tana gabas da mu sak, nisanta a miƙe ya ɗan wuce kilomita 200. Sai ya kunna motsin hoton na awa biyu ko uku da suka wuce. In ya ga dunƙulen girgije a kan Kaduna yana ƙara girma yana matsowa yamma, yana da kamar awa huɗu, wanda ya isa a bugo waya a ce a kwashe shanya, a ɗaure jinka, a dawo da yara da dabbobi daga bakin rafi. In kuwa ya ga dunƙulen yana yayyagewa yana dusashewa, mai yiwuwa hadarin ya mutu a hanya, ko ya karkata ya bi ta Zuru ko ta Wushishi. A kuma lura da agogon da ke jikin hoton. In an rubuta UTC ko GMT, sai a ƙara awa ɗaya a sami lokacin Nijeriya. Hoton da ya kwana ba shi da amfani.

LAMBOBI

Lamba biyu ce ke rikita mutane. Ta farko ita ce ta kashi cikin ɗari. In an rubuta kashi 60, ba ana nufin ruwan zai yi ƙarfi ba, ba kuma ana nufin zai ci fiye da rabin yini ba. Ma'anarsa ita ce, in aka sami rana goma masu irin wannan yanayi, a shida za a yi ruwa a wurin, a huɗu ba za a yi ba. Don haka in ba a yi ba, ba a yi ƙarya ba. Kashi 90 na yayyafi yana yiwuwa, kashi 30 na ruwan da zai rushe katanga shi ma yana yiwuwa.

Ta biyu ita ce milimita, ita ce kuwa ta fi muhimmanci ga manomi. Milimita 1 tana nufin lita 1 ta ruwa a kan fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1. A hekta guda, ruwan milimita 20 lita 200,000 ke nan, watau duro 1,000. Ƙasar Kontagora takan sami sama da milimita 1,000 a shekara, amma ba jimillar ke ciyar da mutum ba, yadda ta rarrabu ne. Masanan aikin gona na yankin Sahel suna da ma'aunin da suka daɗe suna aiki da shi: ba a cewa damina ta zauna sai an sami kamar milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi tsaikon da ya wuce mako guda ba cikin wata ɗaya da ya biyo baya. Sharaɗi na biyun nan shi ne inda ake asara. Ruwan farko ya zo da ƙarfi, a bugo waya da murna, mu aika kuɗi, a shuka masara, sai sama ta ɗauke kwana goma sha biyar, tsiro ya ƙone, a sake sayen iri da tsadarsa. Gero da dawa suna da haƙuri, shi ya sa iyayenmu ke yin binne da su, amma masara da irin zamani mai tsada ba su san wannan haƙuri ba. Shawarata ita ce, in ruwan farko ya riga ranar da NiMet ta ambata wa yankinmu da mako biyu ko uku, a dubi hasashen kwanaki masu zuwa tukuna, a kuma sa wanda ke gonar ya tona ƙasa ya ga iyakar inda laima ta kai. In ya zama dole a shuka, a shuka wani sashe a rage iri.

Haka nan sha'anin taki da feshi. Buhun yuriya da aka watsa da safe, aka yi ruwan milimita 50 da dare, rabonsa rafi. Maganin ciyawa kuma yana son 'yan awoyi ba ruwa kafin ya kama. A nan hasashen kwana ɗaya ko biyu ya wadatar, shi ne kuma inda wayar ke mayar da kuɗinta. Da kaka ma haka, sa'ad da gyaɗa da masara ke shanya, ruwan ƙarshe na Oktoba na iya sa musu ruma.

Maganar hanya da ambaliya ita ce ta ƙarshe, ita ce kuma mai nauyi. Ba mu manta da daren 28 ga Mayu na 2025 zuwa wayewar garin 29 ba, sa'ad da ruwa ya auka wa Mokwa, ya share gidaje a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, mutum fiye da 150 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Da yawanmu mun san garin, nan muke tsayawa mu yi salla mu ci abinci. A 2017 kuma ruwa ya karya gadar Tatabu tsakanin Jebba da Mokwa, motocin Arewa da na Kudu suka yi cirko-cirko. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a ƙasar nan. Ba zan ce muku waya za ta faɗi unguwar da ruwa zai ci ba, domin ambaliya ba yawan ruwan sama kaɗai ke kawo ta ba, har da toshewar magudana da gini a kan hanyar ruwa. Amma gargaɗin ruwa mai ƙarfi na kwana biyu ko uku a jere, a kan ƙasar da ta riga ta ƙoshi, abu ne da ake gani tun da wuri. Wanda iyalinsa ke kwana kusa da rafi ko cikin kwari, in ya ga irin wannan gargaɗi daga NiMet ko NIHSA ya ambaci Jihar Neja, ya bugo waya a kwana a gidan dangi a kan tudu. Mai ɗora tumatir ko shanu kuma ya tambayi direbobin da suka fito ta hanyar a ranar, ya haɗa da abin da taswira ta nuna, kafin mota ta tashi. Da hunturu, hasashen hazo yakan faɗi nisan da ido zai iya gani, in ya gaza kilomita 1 tafiyar dare ba ta da kyau.

Abin da nake roƙon wannan taro shi ne a zaɓi matasa biyu ko uku masu karatu, a ɗora musu wannan aiki daga watan Afrilu zuwa Oktoba. Su nemo hasashen shekara da zarar ya fito, su karanta wa jama'a abin da ya shafi Kontagora da Mariga da Magama da Mashegu da Rijau da Wushishi. Duk saƙon da za su aika gida su sa masa sunan hukumar da ta faɗa da kwanan wata, su yi shi da murya saboda waɗanda ba su karatun boko. A gida kuma a sami mutum ɗaya a kowane ƙauye da zai kafa gwangwani mai miƙaƙƙen baki a fili, nesa da itace da indararo, ya riƙa auna zurfin ruwan da rula kowace safiya yana rubutawa. In kaka ta yi sai a gwada littafinsa da abin da kowace manhaja ta faɗa, mu san wadda za mu riƙe baɗi.

Wanda ke da waya a hannu ya matso bayan an tashi, mu buɗe taswirar tare.